Ina ake samun hanyoyin daji masu kyau na hawan keke a kewayen Yamai lokacin kaka?

Ɗan_Yantala:

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen masu hawan keken daji, irin wanda ake ce ma VTT ɗin nan mai manyan tayu. Na sayi ɗaya na hannu tun kafin damina, amma har yanzu kan gudro kawai nake yawo da shi, in sauka corniche, hanyar bakin kogi, in haye gadar Kennedy in zagayo ta gada ta biyu in koma gida, kuma gaskiya ba dan wannan na saye shi ba.

Wani ɗan uwana da ke Kanada ya turo min hotunan inda suke hawa a watan Oktoba, daji gaba ɗaya ya koma ja da rawaya, ga wata siririyar hanya ta ratsa tsakiyar itatuwa. Na san ba mu da irin wannan a nan, ba shi nake tambaya ba. Amma mu ma ai ruwa ya ɗauke, gero ya nuna, ciyawa ta fara juyawa, kuma ina so in ga dajin da idona kafin ya bushe ƙurmus iska ta taso. To ina ake bi? wane lokaci ya fi? yaya kuke gano hanyar tunda ba allo ba alama? Sannan maganar ƙaya, kowa sai tsorata ni yake wai ko kilomita biyar ba zan yi ba taya za ta sace. Na gode.

Mai_Faci_Wadata:

Wa alaikumus salam ƙanena. Masu tsorata ka ba ƙarya suka yi ba, sai dai abin yana da magani. Ni aikina kenan gyaran keke, kuma daga Oktoba zuwa Disamba yawancin tayun da ake kawo min tsidau ne ya ci su. Mutane ƙarangiya suke zargi saboda ita ake gani maƙale a wando da safa, amma ƙarangiya ba kasafai take ratsa taya mai kauri ba, tsidau ne mugun, yana kwance a ƙasa ƙayarsa a sama ko ta ina ya faɗi, kuma ya fi yawa a bakin hanya da inda dabbobi ke kwana. Sai ƙayar aduwa da ta bagaruwa, waɗannan dogaye ne, in ka ga itacen kada ka bi ta ƙarƙashinsa dan neman inuwa, kewaye shi.

Abin da nake yi ma masu zuwa wurina, in samu tsohuwar taya wadda ta suɗe in yanke gefenta duka biyu in shimfiɗa ta cikin sabuwar kafin in sa tub. Keken yana ƙara nauyi kaɗan, za ka ji a ƙafa, amma ya fi ka tsaya faci cikin rana. In kana da hali akwai ruwan nan da ake ɗurawa cikin tub yana toshe ƙananan huji da kansa, yana aiki kan tsidau sosai. Duk da haka kada ka fita ba tub biyu a jaka da famfo da gam da faci, kuma ka koyi cire taya a gida tukuna, ta baya musamman. In ka samu huji ka shafa cikin tayar da yatsa a hankali ka ciro ƙayar, yawancin masu dawo min da cewa sabon tub ya sace nan take, ƙayar ce suka bari a ciki.

Iska kuma kada ka cika ta tam kamar ta kan gudro, rage kaɗan, tayar ta ɗan baje, ita ce za ta ɗauke ka a rairayi. Kaca ka goge ta da tsumma ka sa mai ɗan kaɗan ka sake gogewa, masu zuba baƙin mai na mota har yana ɗiga su ne rairayi ke cinye ma kaca da haƙora cikin wata guda.

Hanya kuwa, tunda farawa kake, bi ruwa. Ka fita ta Gamkale ka wuce Saga, ka sauka daga gudro ka hau kan ganuwar gonakin shinkafa, ƙasar a daddale take babu rairayi sosai kuma ba hawa. Daga nan kana iya miƙewa Libore har N'Dounga, in ƙafa ta yi ƙarfi wata rana Kollo, wajen kilomita 35 daga gari. Daɗin wannan hanyar gudro na kusa da kai koyaushe, in keke ya lalace ko ka gaji sai ka fito ka tari mota. A Harobanda ma, wato ƙetaren kogi, akwai irin wannan wajen Kirkissoye. Tudun rairayin Karey Gorou wurin kallo ne mai kyau da yamma amma ba na hawa ba ne, turawa za ka yi ta yi.

Maman_Nana:

Sannu ɗana, na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, domin aikin gandun daji na yi shekaru kuma yana damuna yadda yaranmu suka san sunan itatuwan Turai a waya amma ba su iya bambanta geza da sabara ba.

Ka ce ba mu da irin nasu, haka ne, amma muna da namu launin kuma ba kowa ke lura da shi ba saboda gajere ne. Su can sanyi da gajartar rana ke sa ganye ya juya. Mu nan ƙishirwa ce. Da zarar ruwan ƙarshe ya sauka a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ƙasa ta fara bushewa daga sama zuwa ƙasa, to tudu ne ke fara canzawa, kwari kuma ya riƙe korensa har tsawon makonni. Shi ya sa in ka tsaya bakin dutse a farkon Nuwamba za ka ga launi hawa hawa, marmara ja a ƙarƙashin ƙafarka, ciyawa ta zama ruwan ƙasa mai haske, karan gero a tsaye, can ƙasa shinkafa da lambuna kore shar, sannan kogi.

Geza ita ce ta fi kusa da abin da ka gani a hoton. Ganyenta yana komawa ja ja kamar tsatsa kafin ya zube, kuma a kan tudun marmara take fitowa da yawa, ita da taramniya da sabara. In ka hau saman tudun za ka lura itatuwan ba a warwatse suke ba, layi layi suke, layin kurmi sai fako tsirara sai wani layin kurmi. Ruwan sama ne ke gangarowa daga fakon ya taru inda itatuwan suke. Wannan fakon shi ne wurin gudu da keke, tauri gare shi kuma tsidau bai cika fitowa a kai ba. A gefen gonaki kuma ka duba yakuwa, wadda mata ke shukawa a iyaka, a wannan lokacin ne zoɓorodon ke yin ja wur.

Sai gawo. Dan Allah in ka fita ka tsaya ka dube shi da kyau. Duk damina yana tsaye ba ganye kamar ya mutu, lokacin da kowane itace ke murna, sai yanzu da kuka ke zubar da nata shi kuma yake fitar da sabon ganye. Shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona, ba ya tare ma gero rana da damina, ga taki da ganyensa ke bari, ga 'ya'yansa abincin dabbobi da rani. In ka ga gonar da gawo ya yi yawa a Nuwamba, kore a sama busasshen kara a ƙasa, ni dai a wurina babu abin da ya kai shi kyau a duk shekara.

Lokaci: Oktoba akwai kore amma akwai zafi mai tsanani, rana tana kai 38 ko fiye, ga sauro. Ni na fi son daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, safiya ta yi sanyi kuma hazo bai rufe sama ba tukuna. In buji ya taso ko dutsen da ke gabanka ba za ka gani ba.

Abu ɗaya nake roƙonka. Wannan lokacin girbi ne, abincin shekara ne a shimfiɗe a ƙasa. Ko ka ga an yanke gero kada ka ce gona ta zama hanya, wake yana nan yana yaɗo tsakanin kara, ga dammuna a tare, ga harawa ana shanya. Ka tsaya kan hanyar amalanke ko burtali. Ba a sakin gonaki ma dabbobi sai hukuma ta sa rana, kuma kafin ranar mutane a tsarge suke da duk abin da ya shiga gona, ko da keke ne. In ka iso gari ka sauka ka yi sallama, yawancin ƙauyukan nan Zabarmawa ne da Fulani, ko fofo kaɗai ka iya ya isa ya buɗe maka baki, su ne kuma za su gaya maka wace hanya ce ƙorama ta cinye bana.

Sani_Montreal:

Ɗan_Yantala sannu abokina, ni ma ɗan Yamai ne, Boukoki, karatu ya kawo ni nan kuma a nan na koyi hawan. Mama ta yi bayani mai kyau, bari in ƙara na wannan gefen dan ka gane abin da za ka iya ɗauka da wanda ba zai yi maka amfani ba.

A nan Kebek rana tana kai awa 15 da wani abu a watan Yuni, ta faɗo ƙasa da awa 9 a Disamba, mu kuwa a Yamai bambancin duka bai kai awa biyu ba. In rana ta fara gajarta dare ya yi sanyi itacen sai ya daina yin sinadarin da ke sa ganye kore, rawayar da ke ɓoye a ciki ta bayyana, wasu kamar itacen maple wanda ganyensa ke kan tutar Kanada su ƙara yin ja. Abin ba ya daɗewa, daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, kuma yana farawa daga arewa da kan duwatsu ya gangaro kudu, har taswira ake fitarwa duk mako ana nuna inda launin ya kai. Wuraren hawan kuma gina su aka yi musamman, kamar Mont-Sainte-Anne kusa da birnin Kebek inda aka sha yin gasar duniya, ko Kingdom Trails a jihar Vermont ta Amurka. Kana biyan kuɗin shiga, kowace hanya da sunanta da launinta, kore mai sauƙi, shuɗi matsakaici, baƙi na gwanaye. Kuma kada hoto ya ruɗe ka, ganyen nan in ya zube ya jiƙe santsi gare shi, yana rufe saiwoyi da duwatsu, lokacin ne aka fi faɗuwa.

Mu nan manhajojin waya na Trailforks da Komoot da Strava muke dubawa dan gano hanya. Amma ka sani mahaya ne ke zuba hanyoyin a ciki, inda mahaya ba su da yawa ba za ka ga abin kirki ba. Abin da ya fi min amfani duk lokacin da na zo hutu shi ne hoton tauraron ɗan adam na Google Maps. Ka buɗe shi a kwamfuta in da hali, ka matso sosai. Hanyar amalanke tana fitowa siririn zare mai haske daga ƙauye zuwa ƙauye ko zuwa rijiya. Inda ka ga fari fat mai faɗi yana lanƙwasa kamar maciji ƙorama ce, rairayi zalla, tsallake ta kawai za ka yi kada ka bi cikinta. Inda ya yi duhu ja ja tudun marmara ne. Sai ka nemo inda zaren ke hawa tudun, domin duk inda jaki ya hau da amalanke keke zai hau. Hoton yana iya zama na shekarun baya, kuma ambaliyar 2020 da ta 2024 sun canza wurare da yawa a bakin kogi, dan haka abin da Mama ta ce na tambayar mutanen gari shi ne gaba da waya.

Ka sauke taswirar a waya tun daga gida saboda rezo na ɗaukewa, kuma ka kunna Strava ko Wikiloc ya riƙa zana inda ka bi. In ta yi kyau ka ajiye ka turo mana. Amma ka rufe farkon hanyar da ƙarshenta a saitin, kada kowa ya ga ƙofar gidanku.

Ba'adare_Tawa:

Salamu alaikum, kuna lahiya mutanen Yamai. Yaro in dutsi kaka so na gaskiya sai ka taho Adar, abin da kuka da shi nan tudu na. Ka sa keken bisa bas ka zaka Tawa, kwana ɗaya na tahiya.

Mu nan ƙasar duk hawa da gangara ta, bisa hwaƙo da baƙin dutsi, ƙasa kwari mai ruwa kusa. In ka hita Tawa ka nuhi Keita, wajen kilomita 70, za ka ga aikin da anka yi tun 1984 da taimakon Italiya, duwatsun da mata sunka jera da hannu bisa gangara dan tare ruwa, da itatuwan da anka dasa, da madatsai, wurin da dā babu ko ciyawa. Hanyoyin da anka buɗe ma motocin aikin ga suna nan wasu, sun lalace ma mota amma ma keke daidai. Sai kwarin Magiya wajen Buza, can an dasa dogon yaro layi layi tun 1975 dan kare gonaki daga iska, kana tahiya tsakanin layi biyu cikin inuwa, dawa ta nuna dama da hagu. Bayan kaka kuma in anka fara dashen albasa kwarin duk shi koma kore, bisa kuwa ja da baƙi. Tabalak ma akwai tabki babba bisa hanyar Agadas, tsuntsaye na sauka da sanyi, amma wannan gehen ka tambayi halin hanya tukuna kahin ka ɗaga.

Gargaɗina guda, dutsin Adar kaihi gare shi, ba huji yaka yi ba, tsaga gehen taya yaka yi. Shawarar mai faci ta rage iska a rairayi ta, nan in ka rage ƙwarai dutsi shi matse tub da ƙarhe shi huda maka wuri biyu lokaci guda. Kuma birki shi zan mai kamawa gaba da baya, da hular kwano bisa kai, gangarar ba ta wasa ba ta. In ka yanke shawara ka yi magana nan, akwai samari da muka hita da su ran Lahadi, ba mu barin baƙo shi tahi shi ɗai.

Alhaji_Talladje:

Na karanta duka kuma shawarwarin sun yi, amma ban ga wanda ya faɗi abin da ya fi muhimmanci ba sai ɗan abin da Ba'adare ya taɓa. Yarona, dajin da muka yi yawo a ciki da ƙuruciya ba shi ne na yau ba. Dā mutum yana hawa ya tafi Say ko ya bi hanyar Torodi ya hau duwatsun nan uku ya dawo da la'asar ba wanda ya tambaye shi. Kure ma, wurin raƙuman dawa, kilomita 60 ne kawai kan hanyar Doso, kuma kowa ya san abin da ya faru can a watan Agustan 2020, aka kashe mutum takwas. Jihar Tillaberi ce ta kewaye Yamai ta ko'ina, kuma akwai dokar ta ɓaci a sassa da yawa nata.

Hajiya Maman Nana, tudun da kike kwatantawa yana da kyau, na yarda, amma ban so yaro ya ji daɗin bayanin ya haye Harobanda ya yi ta miƙewa yamma shi kaɗai yana neman geza. Ka tsaya inda kana hango gari ko kana jin motsin gudro. Ka riƙe katinka na shaida a aljihu. Kada ka ɗaga waya kana hoto kusa da bariki ko shingen sojoji ko gada, wajen Tondibiya da filin jirgi musamman, kuma mutumin da ke yawo a daji yana zana hanya a waya dole a yi masa tambaya, in aka tsayar da kai ka tsaya ka amsa da ladabi. Ku fita ku uku ko huɗu, a gida a san inda kuka nufa da lokacin dawowa. Ba hana ka nake ba, ni ma da gwiwa na bari da na bi ku.

Maman_Nana:

Alhaji gaskiyarka, kuma na gode da ka faɗa. Ba sai ya yi nisa ba ma. Bakin tudun da ke bayan Saga da Libore a wannan gefen kogin akwai geza da sabara, kuma gawo yana cikin gonakin da ke hanyar Kollo. Ko cikin ceinture verte, dajin itatuwan gefen gari da aka fara dasawa tun 1965, zai iya koyon rairayi a inuwar dogon yaro, duk da gine gine da shara sun ci wuri mai yawa a ciki, abin da ke ɓata min rai duk lokacin da na wuce.

Ɗan_Yantala:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Mama, Baba Alhaji, na ji kuma zan kiyaye. Ba'adare in Allah ya kai mu hutun Disamba zan neme ka. Zan fara da ta Saga ɗin. Yaya mai faci, ruwa lita nawa zan ɗauka, kuma ƙarfe nawa ya kamata in tashi? Akwai abokina ɗaya da ke da keke, mu biyu ne zuwa yanzu.

Mai_Faci_Wadata:

Kuna sallame asuba ku hau, kafin ƙarfe goma ku kasance kun juyo, rana ta Oktoba ba ta da sabo. Ruwa kada ya gaza lita uku kowannenku, gora biyu a jikin keke sauran a jaka, ku sa dabino ko ƙuli a aljihu. A Libore za ku samu mai shayi da ruwan leda in ya ƙare. Doguwar safa ku sa saboda ƙarangiya. Ranar Asabar da yamma ku kawo min kekunan duka biyu in sa muku tsohuwar tayar a ciki in duba birki, ku zo da tub ɗinku dan in nuna muku cire ta baya. Yarona na shago ma yana hawa, zan ce ya raka ku ranar Lahadi ku zama uku yadda Alhaji ya ce, ya san inda ake sauka daga gudro a Saga.